'Yan gwangwani ko babbar tabar Kastro? Abin da na gani bayan shekara uku ina gwada ƙananan

Ranar da na fara tunanin neman ƙaramar taba ina tsaye ne a bakin garejin wani kwara a titin Heyvaert cikin Brussels, watan Janairu, sanyi kaman zai guntule wa mutum kunne, a hannuna akwai babbar tabar Kyuba mai suna Partagás Serie D No. 4 da na kunna ko minti goma ba a yi ba, sai ga waya wai babbar mota ta iso za a loda motocinmu zuwa tashar jirgin ruwa ta Antwap, in zo in duba lambobin shasi. To ya zan yi? Na ɗora ta a kan wani bulo na ruga. Kafin in dawo an fi awa ɗaya, ta mutu murus, yayyafi ya ɗan taɓa ta, don ƙyashin kuɗina na sake kunnawa sai na ji wani ɗaci kaman na tauna ɓawon maɗaci. Na wurga ta kwata ina tsaki. Abin da na wurgar ɗin nan zai saya min abincin rana har a ba ni canji.

Kafin wani yace haba Alhaji har da kai, e har da ni. Ba tallan taba nake ba kuma ba fatawa na zo yi ba, na san abin da malamai suka faɗa na san abin da likita ke faɗa, zan ma zo kan maganar likitan don ita ta fi tsaya min a rai. Wanda bai taɓa sha ba dan Allah kar ya soma, da waɗanda suka riga suka faɗa nake.

Ba karan sigari na kwali nake nufi ba irin na mai tebur. Mai kaurin nan ce launin ƙasa wadda ake naɗe ganyen taba da ganyen taba babu takarda ko kaɗan. Turawa siga suke ce mata, sunan da ke jawo rikici, don in ka ce wa Bahaushe kana shan siga sai ya ɗauka sukari kake nufi ya hau yi maka nasiha a kan ciwon siga. Mu 'yan mota tabar Kastro muke cewa ko da ba daga Kyuba ta fito ba, alhali shi kansa Kastron, tsohon shugaban Kyuba, ya daina sha tun 1985. Ƙananan kuma sigarilo ne sunansu, mu dai 'yan gwangwani muke ce musu saboda yawanci a ɗan gwangwani mai faɗi suke zuwa, kara 10 ko 20, ya shige aljihun gaba tsaf.

Shi kwaran nan shi ya koya min. Mun gama wani ciniki mai kyau na motoci shida da za su tafi Kwatano, ya jawo durowa ya miƙo min ɗaya yace wannan ba zuƙa ake ba, a baki ake riƙe hayaƙin a fesar. Ni kuma lokacin na shekara biyar da barin sigari, sai na ce wa kaina ai tunda ba ta shiga ƙirji ba komai. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ita babbar, in dai ta hannu ce ta gaske, hawa uku ce. Akwai ganyen ciki waɗanda ake jerawa dogaye daga kai har gindi ba a yanka su ba, akwai wanda ke ɗaure su, sannan rigar waje, ganye mai santsi da ya fi kowanne tsada. Ganyen cikin ma ba iri ɗaya ba ne, na saman shuka da ya fi shan rana shi ke ba da ƙarfi, ligero suke ce mai, na tsakiya seco shi ke da ƙamshi, na ƙasa volado shi ke sa wuta ta ci. Mafi suna daga yankin Vuelta Abajo yake fitowa a lardin Pinar del Río, yammacin Kyuba. Shi ya sa in kana shan babba ɗanɗanon tafiya yake, farkonta daban tsakiya daban, can wajen ƙarshe ta yi nauyi. Irin wadda na wurgar ɗin, robusto, tsawonta milimita 124, kaurinta lamba 50, kuma lambar kaurin nan ana ƙirga ta ne da kashi ɗaya cikin 64 na inci, wato 64 shi ne inci ɗaya cif. Tana cin minti 45 zuwa awa ɗaya. Mai sunan Churchill kuwa inci 7 ce, sai ka ware mata awa ɗaya da rabi, ka kashe waya, ka yi sallama da jama'a.

To ina ɗan kasuwa zai samu awa ɗaya da rabi? Ga shi a Beljiyam tun watan Yulin 2011 an hana shan taba a cikin gidajen shayi da mashaya gaba ɗaya, ɗakin da muke haya mu huɗu ne kuma biyu ustazai ne, ko hayaƙin laita suka gani sai sun yi magana. Sai waje. Wajen kuma wata biyar a shekara ba ya tsayuwa. Wannan ya kai ni wani shagon taba kusa da tsakiyar gari, wata dattijuwa ce a kan kanta, na ce mata madam ina son irin wannan amma ta minti goma. Ta yi dariya tace kowa abin da yake so kenan, ta juya ta fara sauko min da gwangwanaye.

Na farko da na fara da shi Café Crème ne, na kamfanin Henri Wintermans na Holan, tun 1963 ake yin sa, yanzu yana hannun Scandinavian Tobacco Group na Denmak, a wasu ƙasashen ma sun canja mai suna zuwa Signature. Inji ke naɗawa, cikinsa yankakken ganye ne ba dogo ba. Ba shi da nauyi, ɗanɗanon kaman gasasshiyar gyaɗa da ɗan ɗaci kaɗan a ƙarshe, minti bakwai takwas ka gama, da baƙin kofi da safe yana tafiya daidai. Babban abin da ya burge ni da irin waɗannan na Holan da Jamus da Suwizalan, su Dannemann da Villiger duk layi ɗaya ne, shi ne a bushe ake yin su tun asali, ba sa buƙatar akwatin danshi, wato wanda ake ajiye babbar taba a ciki don kar ta bushe. Ka jefa gwangwanin a aljihun kwat ko cikin durowar mota ka manta da shi wata biyu, ka buɗe yana nan yadda ka bar shi. Wanda ya taɓa renon babbar taba ya san darajar wannan. Amma gaskiya in ka sha shi kana tunanin babbar zai ba ka haushi, don babu wata tafiya a ciki, yadda ya fara haka zai ƙare, kaman a ce ka saba da shayin Buzaye mai hawa uku a miƙo maka na leda a kofin roba. Shayi ne, ba a ce ba shayi ba ne.

Daga nan na hau kan ƙananan Kyuba. Cohiba da Montecristo da Partagás da Romeo y Julieta duk suna da 'yan ƙananansu, su ma inji ke yi amma ganyen na Kyuba ne zalla ciki da waje. Akwai Mini, siririya tsawonta wajen santimita 8, kaurin bai wuce na karan sigari da yawa ba, akwai Club da ta ɗan fi ta tsawo da kauri ta kusa santimita 10, sai Short wadda tsawonta ɗaya da Mini amma ta fi su kauri. A cikin ukun nan Short ɗin Cohiba ita na fi komawa kanta. Saboda ɗan kaurin nan hayaƙin ba ya zuwa da zafi sosai, kuma wallahi akwai ƙamshin gidan a ciki, wannan ƙamshin busasshiyar harawa da ɗan zuma-zuma da aka san Cohiba da shi, yana leƙowa ya gaishe ka ya wuce. Montecristo Club kuma ta fi karkata wajen kofi da ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko. Mini ita ce mai yaji, siranta ke sa ta ci wuta da sauri, in ka ja ta da gaggawa sai ka ji kaman ka shaƙi masoro, dole ka riƙa ba ta hutu tsakanin ja da ja, wanda kuma ya rushe dalilin sayenta tun farko tunda sauri kake.

Maganar kuɗi kuwa a nan ƙananan suka yi wa babbar fintinkau. A 2022 Habanos, kamfanin da ke rarraba tabar Kyuba a duniya, ya ɗaga farashin Cohiba da Trinidad ya daidaita shi da na Hong Kong, wasu suka ninka biyu wasu har uku. Tun daga lokacin babbar Cohiba ta fita daga hannun irinmu, ta koma ta masu rijiyar mai. Gwangwani guda mai kara 10 na ƙananan bai kai kuɗin babba ƙwaya ɗaya ba, nesa ma. Sai dai kar mutum ya ruɗi kansa, sunan ne ɗaya da launin kwalin, ruwan ɗorawa da baƙi da 'yan ɗigo-ɗigon fari, amma aikin ba ɗaya ba ne. Ita Cohiba asalinta a 1966 aka fara naɗa ta don Kastro da manyan baƙinsa, sai 1982 aka sake ta kasuwa, wannan labarin nake ganin rabin kuɗin da muke biya ma nashi ne.

Akwai wani rukuni da zan ce a guje shi kawai, masu ɗanɗanon banila da ceri da su giyar rake, da yawansu har da soson tacewa a gindi irin na sigari. Na sayi wani kwali a gidan mai a hanyar Antwap, ba zan faɗi sunan ba, na kunna a cikin mota, ƙamshin kaman an ƙona alawar yara a kan garwashi, leɓena ya yi zaƙi-zaƙi har yamma, motar kuma kwana uku tana wari sai da yaron da ke mana wanki yace oga turaren mata ka fesa ne? Na warware ɗaya don in ga cikinta, abin da ya ɗaure ta ba ganye ba ne, wani abu ne kaman takarda mai launin ƙasa da ake yi da niƙaƙƙiyar taba a matse ta ta zama falle. In ka duba da kyau waɗannan sigari ne ya sa rigar aro. Kuma ba a ɓoye yake ba, lokacin da Tarayyar Turai ta hana sigari mai mentol a watan Mayun 2020 dokar ba ta haɗa da sigarilo ba, nan da nan sai ga ƙananan sigarilo masu mentol da soso sun cika kantuna. Taba dai ta bambanta da garin gero, amma wannan da sigari ban ga bambancin ba in ban da launi.

Sai wata ta daban da wani direban tirela ɗan Italiya ya ba ni a bakin tashar jirgin ruwa, Toscanello. Ita uwar, Toscano, a 1818 aka fara yin ta a birnin Florence na Italiya, doguwa ce mai tumbi a tsakiya da sirara a baki biyu, mummuna ce ba ta da santsi ko kaɗan kaman busasshen reshe, Italiyawa kan raba ta biyu da wuƙa su sha rabi yanzu rabi anjima, Toscanello ɗin rabin ne aka yanka maka tun daga kamfani. Ganyen Kentucky ne da ake busarwa da hayaƙin itace, saboda haka ƙamshinta banda ne sak, irin na kifin da ake kawowa daga Baga, haɗe da warin fata na majema. Na san yadda na faɗa ɗin nan ba zai ba kowa sha'awa ba, amma a cikin sanyi bayan ka ci abu mai maiƙo ba ta da na biyu. Ita ma ba ta son akwatin danshi, tana cin minti ashirin ko fiye, in ta mutu ka sake kunnawa ba ta yin fushi irin na 'yar Kyuba. Ƙarfi gare ta fa. Ranar farko da na sha ta ban karya ba sai da na nemi dakali na zauna, gumi ya keto min a cikin sanyin nan, direban yana ta min dariya.

Amsar tambayar tawa dai ba a gwangwanin inji na same ta ba. Dattijuwar nan ce wata rana da na koma ina mata ƙorafi tace kai ba sigarilo kake nema ba, gajeriyar siga kake nema, ta ɗauko min H. Upmann Half Corona. Tsawonta milimita 90 kacal, kauri 44, a 2011 aka fito da ita, kuma naɗin hannu ce da dogon ganye kaman yayyenta, har da ɗan gwangwaninta mai ɗaukar biyar. Na fita na zauna a bakin magudanar ruwan nan da ta ratsa unguwar, na yanke kan na kunna. Malam, ja na uku na san na iso. Hayaƙi mai kauri mai sanyi wanda ke cika baki, farko kaman gyaɗa da madara, can tsakiya ta juya ta ɗan yi itace-itace, toka fara-fara ta tsaya ƙyam ba ta zuba ba har kusan rabin karan, minti 25 na gama na tashi na koma bakin aiki ban wurgar da komai ba. Abin da na gane a ranar shi ne ba tsawo ke ba da daɗin ba, kauri ne da yadda aka jera ganyen. In kaurin ya kai arba'in da wani abu akwai wurin da za a sa ganye iri uku su haɗu, wuta kuma ta ci a hankali. In ya sauka zuwa ashirin babu wurin, komai sunan da ke jikin kwalin.

Bayanta na gwada Partagás Shorts, milimita 110 kauri 42, ƙarama ce amma masifaffiya, yaji da ƙasa, ta fi dacewa da bayan cin abincin dare. Sai kuma wadda ta ba ni mamaki, Hemingway Short Story ta kamfanin Arturo Fuente, a Jamhuriyar Dominika ake naɗa ta, inci 4 ce mai tsinin baki kaman ƙaramin ƙoƙon zuma, rigar wajenta kuwa ganyen Kamaru ne. E Kamarun nan tamu ta maƙwabta. A gabashin ƙasar da kuma tsallaken iyaka cikin Afirka ta Tsakiya ake noman wani siririn ganye mai ɗan kaushi wanda masu naɗa siga a duniya ke rububinsa, yana da wani zaƙi-zaƙi na kansa da ɗan ƙamshi kaman kanumfari, ba zaƙin da aka fesa ba. Na faɗa wa wani abokin cinikinmu mutumin Garwa, yace shi duk zamansa a ƙasar bai taɓa ganin an sayar da irinta a kasuwa ba, nace ai haka abin yake, ganyen ya tafi ƙetare a buhu ya dawo da zobe a wuya ya fi ƙarfinmu.

Wai ashe ma ba yau aka fara son ƙananan ba. Shugaban Amurka Kennedy ƙaramar H. Upmann yake sha, kuma a watan Fabrairun 1962, dare ɗaya kafin ya sa hannu a takunkumin da ya hana shigo da kayan Kyuba, ya tura kakakinsa Pierre Salinger ya tattaro mai su, da safe mutumin ya kawo 1,200, sannan ya jawo takarda ya rattaba hannu. Shi Salinger ɗin da bakinsa ya ba da labarin. Manya kenan, ko'ina halinsu ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da babbar kaɗai nake sha, a sati ɗaya nake sha, in ta yi yawa biyu, ranar Lahadi da yamma, saboda tsada da rashin lokaci su da kansu suke taka min birki. Da gwangwani ya shigo aljihu birkin ya tsinke. Ɗaya bayan kofi, ɗaya in ana jiran mai gareji, ɗaya in ciniki ya lalace, ɗaya in ciniki ya faɗa, wata rana na buɗe gwangwanin da na saya shekaranjiya mai kara 20 na ga saura shida. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba yawan ba ne, kama kaina na yi ina zuƙa. Hannu da baki ba sa mantuwa, abu siriri tsakanin yatsu biyu, jikina ya ɗauka tsohon abokinsa ne ya dawo, hayaƙin da ake cewa a baki ake riƙewa sai ga shi yana gangarawa ƙirji ban ma sani ba. Shekara biyar da na yi ina alfahari na bar sigari, ashe ta ƙofar baya ya dawo sanye da babbar riga.

Kuma maganar nan ta kwara cewa tunda ba a zuƙa ba komai, ba haka ba ne. Hayaƙin siga ya bambanta da na sigari ta yadda nikotin ɗinsa ke ratsa fatar cikin baki kai tsaye, ko ba ka kai shi huhu ba ya shiga jini, shi ya sa ta zaunar da ni a dakali ranar nan. Karan sigari tabar da ke cikinsa ba ta wuce giram ɗaya ba, babbar siga kuwa daga giram 5 har zuwa wajen 20. Kansar baki da ta maƙogwaro da ta hanyar abinci duk an tabbatar tana jawo su ko ga wanda ba ya zuƙa, wanda ke zuƙa kuma ya ƙara da ta huhu da ciwon zuciya. Wani likitan haƙori da na je wankin baki wajensa ya ɗaga leɓena ya daɗe yana haska fitila, yace me kake sha, na faɗa mai ina ɗan murmushi irin na wanda ke shan abu mai tsada, ko kallon murmushin bai yi ba yace dasashinka bai san farashi ba, ka dawo bayan wata shida in sake dubawa. Na fito jikina a sanyaye.

Sai batun kawo su gida, wanda shi ma darasi ne mai tsada. Ta hannu, babba ce ko gajeriya, tana son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da wuri mai sanyi-sanyi. Na taho Kano a watan Disamba da guda takwas a cikin kwalinsu na katako haka nan, na sa a durowar gefen gado. Hunturu kuwa ya kankama, lokacin da danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓe ma fashewa yake balle ganye. Kwana biyar na buɗe, rigunan sun tsattsage kaman faso a diddige, na taɓa ɗaya ta yi ƙaras, na kunna ta ci kaman an sa wa kara wuta. Laifina ne ba na kowa ba. A bazara kuma matsalar ta juya, in zafi ya yi yawa ƙwan wani ɗan ƙwaro da kan maƙale a ganyen sai ya ƙyanƙyashe ya huda su kaman yadda ake huda wake a buhu. Dabarar da na koya daga baya mai sauƙi ce, robar abinci mai murfi da ke kamawa gam, a jefa 'yar jakar danshi ta Boveda mai lamba 69 a ciki, a ajiye a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi. 'Yan gwangwanin busassu da Toscanello kuwa ko a jikinsu, sun yi hunturu sun yi bazara lafiya lau, a wannan fannin kam sun ci gari.

Wani abu kuma, a Kwatano wani saurayi ya bi ni har masauki da akwati mai murfin gilashi cike da manyan Cohiba wai ɗan'uwansa ma'aikacin jirgin ruwa ne, farashin kaman kyauta. Cohiba ba ta fitar da akwati mai murfin gilashi, duk inda ka gan shi jabu ne. Nace mai Allah ya kawo kasuwa. Ƙananan na gwangwani ban taɓa cin karo da na jabunsu ba, ina ga ribar ba ta kai a wahala ba.

A gida ma shan nata wani aiki ne. Ba a tsakar gida ba, ba a gaban Hajiya ba ko da wasa, ba a ƙofar gida ba inda yaran unguwa za su gani su ce ai Alhaji ma yana yi, dama dokar taba ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma ni kunyar ta fi dokar kama ni. Sai can saman bene bayan isha'i. Kuma duk wanda yace maka ƙaramar ba ta kama kaya ƙarya yake, warin ƙananan ma ya fi naci a jikin shadda, na babbar ya fi kama da turaren itace, nasu kuwa washegari warin toka ne kawai. Maman yara ta gane tun daren farko, tace Alhaji wannan karon kuma wace iri ce, ta da ma ta fi dama-dama.

Abin da nake yi yanzu, na daina yawo da gwangwani a aljihu kwata-kwata, in ba ya jikina ba na nema, in yana jikina sai na ga bayansa. Short ɗin Cohiba sai in wani ya miƙo. Toscanello kwali ɗaya ke kai ni ƙarshen sanyin Turai. Half Corona nake saya guda biyar a ɗan gwangwaninta in bar shi a cikin roba a ɗaki, ɗaya ranar Lahadi, wani satin ma in tsallake, babbar kuwa rabona da ita tun bikin ƙanina. Likitan na koma wajensa, yace da sauƙi amma shi ba ragi ya ce in yi ba, nace ina sane likita, a dai ci gaba da yi mana addu'a, yace shi ba liman ba ne.

Tsofaffin gwangwanayen da na tara maman yara ta wanke su da omo ta shanya kwana biyu, yanzu ɗaya allura ce a ciki da zare, ɗaya maɓallai, ƙaramar 'yata kuma ta ƙwace mai ruwan ɗorawan tana tara kuɗin makarantar allo. A cikin robar saura ƙwaya ɗaya, na ce ba zan taɓa ta ba sai jirgin da ya ɗauko motocinmu ya sauke a Kwatano, yau kwana tara kenan ejan yana ce min gobe.